Shari'ar Agogon Baba

Da labari ya zo an ɗaga yayana zuwa kotun ƙoli ta ƙasa, ni aka ɗora wa rubuta tarihinsa, wanda za a buga a ɗan littafin da ake raba wa baƙi ranar rantsarwa. Ba wai na fi kowa iya rubutu ba ne. Ni ce auta, kuma a gidanmu duk aikin da kowa ya kauce wa, kan auta yake faɗawa. Ga shi kuma shekara ashirin da biyar ina buga takardu a ofis, don haka ba ni da bakin cewa ban iya ba.

Saura mako biyu a rantsar da shi na je ofishinsa da takardata da biro. Yana zaune a bayan tebur, fayiloli ɗaure da jan zare sun yi masa katanga dama da hagu, baƙar rigar shari'a na rataye a bayan ƙofa, fanka tana ta kaɗa mata hannu. Ya ce in zauna, ya gyara murya, ya fara zubo mini tarihi kamar ba tare muka tashi ba. Shekara biyar yana karatun lauya. Shekara shida lauyan gwamnati. Shekara takwas majistare, a wata kotu da rufinta ke yoyo daidai kan akwatin shaida, har sai da aka tanadi laima ta musamman don masu ba da shaida. Daga nan babbar kotu, daga nan kotun ɗaukaka ƙara. Ya ce in ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya: a shekara ashirin da ɗoriya da ya yi a kan kujera, babu shari'ar da ta taɓa wuce wata uku a teburinsa.

Wannan gaskiya ce, ba zan ci haƙƙinsa ba. Lauyoyi suna tsoronsa kamar ciwon haƙori. Ba ya ɗage zama don lauya ya ce motarsa ta lalace, kuma yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: shaida ba ya barin magana a rabi a gabansa. In ka ce "wani ya ce mini," kafin ka haɗiye yawu ya ce "wane ne wanin?" Ko a gida haka yake. Matarsa ta ce tun shekararsu ta biyu da aure ta daina ce masa "na ji an ce."

Ina cikin jan layin aka turo ƙofa ba sallamar kirki. Yayarmu ce, babbar gidanmu, da jakarta a hammata da farar ambulan a hannu. Shekararta sittin, ta yi ritaya daga koyarwa, amma har yau in ta shigo ɗaki sai ka ji kana neman gyara zama. Ta leƙa takardata ta kan tabarau, ta karanta jimlar da na ja wa layi, ta ce, "Goge wannan."

"Yaya, ina wuni," in ji Alƙali, kamar yadda muke kiran yayan nawa a gida.

"Lafiya lau. Auta, na ce goge. Akwai shari'ar da ta shekara arba'in da bakwai a hannunsa."

Sai in koma baya in faɗi abin da take nufi, don duk wanda ba ɗan gidanmu ba zai ɗauka zafin rana ne ya taɓa ta.

Babanmu ma'aikacin gidan waya ne. Da ya cika shekara goma bai taɓa makara ba, aka ba shi kyautar agogon bango, irin mai ƙarfen nan da ke lilo a ciki, mai buga ƙararrawa kowace awa. Ya rataye shi a falo, sama can inda hannun yaro ba ya kaiwa. Da agogon nan ake komai a gidan. Innarmu, Allah ya jiƙan ta, ba ta zuba abincin rana sai ya buga biyu, ko da kuwa tukunya ta daɗe da sauka muna zagaye da ita kamar kaji. Ran nan da hantsi aka ji ƙara a falo. Inna ta shigo da gudu ta tarar da agogo a ƙasa, gilashi ya tarwatse, Yaya tana tsaye da tsintsiya a hannu ɗaya, lilon agogo a ɗaya hannun. Shekararta goma sha uku lokacin, Alƙali goma, ni huɗu.

Baba ya dawo ya ga abin da ya faru. Yaya tana kuka tana cewa ita shara ta shigo yi, a ƙasa ta same shi. Baba ya ce ransa ya ɓaci da yawa, in ya yi hukunci yanzu zai wuce gona da iri. Ya juya wajen ɗansa, wanda tun lokacin ya ishi kowa da cewa shi alƙali zai zama, ya ce, "Kai sarkin surutu, ga shari'a. Ka binciko mini wanda ya fasa. Bulala shida na ajiye masa."

Yaron nan ya kifa bokiti ya zauna, ya ɗora tawul a ka, ya ɗauki cokali yana buga murfin tukunya. Awa biyu yana sauraro. Ya kira Inna, ya kira Yaya, ya kira ni, har kyanwar gidan ya sa aka riƙe a gabansa ya yi mata tambaya uku. Da ya gama ya buga murfi ya ce an ɗage zama sai ranar da kotu za ta sanar. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce lallai ɗan nan alƙali ne. Daga ranar sunan ya bi shi. Kotu kuwa ba ta sake sanar da komai ba, Baba kuma ya ce ba zai taɓa kowa ba tunda magana tana gaban kotu.

Ba a doki Yaya ba, amma da an doke ta da ya fi mata sauƙi. Suna aka laƙaba mata, Fasa-Agogo. Ba a sake ba ta tiren kofuna ta kai wa baƙi ba. Ranar da aka kai ta ɗakin miji gwaggonmu ta ja angon gefe ta ce ya riƙa sa agogonsa a aljihu, shi kuma bawan Allah ya ɗauki maganar da gaske, har ya rasu a aljihu yake duba lokaci. Ɗalibanta sun ji sunan, 'ya'yanta sun gada, yanzu jikokinta Kaka Agogo suke ce mata. Mu duk wasa muka ɗauke shi. Ni kaina na kira ta da shi ya fi sau dubu, tana murmushi.

Yanzu ga ta a ofishin Alƙali ba murmushi. Ta ajiye ambulan a kan tebur. Ya buɗe ya karanta, na ga gumi ya tsatso masa a goshi alhali fanka na kansa. Takardar neman a ci gaba da sauraro ce, an buga ta da kyau, har da sa hannu.

"Yaya, wannan ai wasan yara ne."

"Wasan yara ne ya sa jikata ta hana ni riƙe mata agogon hannu da za ta shiga wanka? Baba ya haura casa'in. Ina so ya ji hukunci da kunnensa kafin ni ko shi wani ya riga wani."

Nan fa ya shiga fito da kayan aiki. Ya ce lokacin shigar da ƙorafi ya wuce. Ta ce ita ba ƙorafi ta shigar ba, shi ya ɗage. Ya ce yanzu ba shi da hurumi, don kotunsa ba ta sauraron ƙananan ƙararraki. Ta ce wanda ya ba shi hurumin yana nan da ransa a falo yana sauraron rediyo. Ya ce to ai kayan shaida sun ɓace. Ta zuge jaka ta zaro lilon agogo, naɗe a tsohon ɗankwali, ta ɗora a kan fayil ɗin sama. Ni dai na saki baki. Gida biyar ta sauya a rayuwarta, ashe duk da shi take yawo.

"Ranar rantsarwa an ba ni minti biyu in yi magana a madadin dangi," ta ce. "In ba a yi zaman nan ba, na san abin da zan cika minti biyun da shi. Gwamna zai ji, 'yan jarida za su ji."

Ya duba kalandarsa ya daɗe, kamar mai neman ranar da babu a cikinta. Ya ce Asabar, ƙarfe huɗu na yamma, a falon Baba.

Na isa da wuri na tarar Yaya ta riga ni. Ta sa an sauko da kwalin da aka adana fasasshen agogon a ciki daga kan kabad, an baje gawarsa a kan teburin tsakiya. Baba yana kujerarsa ta kullum da rediyo a cinya, an sa masa sabuwar riga, sai murna yake kamar za a yi masa biki. Shekararsa casa'in da ɗaya, ƙafa ta ƙi, amma kai garau. Ya ce shi bai manta ba, bulalarsa shida suna nan.

Alƙali ya iso ƙarfe huɗu daidai da littattafai uku a hammata. Ya so ya zauna haka nan da kaftani, Yaya ta ce a'a, ita cikakkiyar kotu take so. Dole ya koma mota ya ɗauko baƙar rigar ya saka. Aka ba shi kujerar cin abinci mai hannu, aka ba ni biro aka ce ni ce magatakarda, ni ce kuma shaida, tunda Inna ta rasu, kyanwa ma ta daɗe da bin ta.

Minti arba'in ya kwashe yana karanto mana abin da manyan alƙalai suka ce game da tsofaffin shari'u. Ya ce ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba abin dogaro ba ce. Ya ce akwai yiwuwar ƙusa ce ta gaji. Ya ce kada a manta da iska. Ya tambayi Baba ko a shekarar an yi girgizar ƙasa. Baba ya ce shi dai bai ji ba, kuma ƙusar da hannunsa ya kafa ta, har yau tana bango, ga ta can an rataye kalanda. Muka ɗaga kai duka muka kalli ƙusa. Tana nan daram.

Yaya ta tashi ta ba da bayaninta, daidai da na shekara arba'in da bakwai da suka wuce, ba ƙari ba ragi. Ta shigo shara, ta ga agogo a ƙasa, ta ɗauki lilon don kada a taka. Alƙali ya rubuta, ya gyaɗa kai, ya ce kotu ta ji, kuma ganin yadda al'amarin yake da sarƙaƙiya, kotu tana ganin ya dace a ɗan ɗage.

"Ba ka kira shaida ba," in ji Yaya.

"Shekararta huɗu lokacin, Yaya. Me za ta tuna?"

"Kira ta dai."

Na ajiye biro na miƙe tsaye a gefen firji, wanda shi muka mayar akwatin shaida. Gaskiya ban zo da komai a raina ba. Ya tambaye ni ko na ga faɗuwar agogo, na ce ban gani ba. Ko na ji ƙara? Na ce ban tuna ba. Ya ce madalla, ya fara rufe littafi. Don dai kada a ce na tashi a banza, sai na ce, "Abin da kawai na tuna a lokacin, na yi kwana bakwai ina cin nama biyu a abincin rana. Wani ne ke ƙara mini nasa."

"Wane ne wanin?"

Wallahi kafin in rufe baki ya jefo tambayar, da muryar nan tasa ta kotu da ke sa lauyoyi tuntuɓe. Bai yi shawara da kansa ba. Shekara da shekaru bakinsa ya saba, ya ji magana a rabi sai ya cafke. Na ga idonsa ya fito bayan tambayar ta riga ta fita, amma bakin alƙalami ya bushe.

Na tsaya ina tunani, sai ga abin yana dawo mini kaɗan-kaɗan. "Ya mai shari'a, kai ne."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Shi kuwa hali zanen dutse. Na ga yana kokawa da leɓɓansa, hannunsa ya damƙe hannun kujera, amma ina.

"A kan wane dalili wanda kika ambata yake ba ki nama?"

"Ya ce kada in gaya wa kowa na gan shi ya mayar da kujerar tsuguno kicin."

"Daga ina ya ɗauko ta?"

"Daga falo."

"Daga wane waje a falon? Shaida ta yi wa kotu bayani dalla-dalla."

"Daga ƙarƙashin ƙusar can."

"Me yaro ɗan shekara goma zai yi da kujera a ƙarƙashin agogo?" Yanzu ya miƙe tsaye, yana nuna ni da biro, gumi na bin wuyan rigar shari'a. Ni kuma haushi ya fara kama ni, don ni ba ni na kawo kaina ba.

"Wannan kuma sai ka tambaye shi, ga shi nan a cikin rigarka."

Rediyon Baba na ta sanar da hasashen yanayi ƙasa-ƙasa. Alƙali ya tsaya da biro a sama. Sannan ya sauke hannu, ya gyara rigarsa, ya fuskanci Baba ya ce, da cikakkiyar murya kamar yana gaban mutum ɗari, "Bisa abin da ya bayyana, kotu tana sanar da cewa alƙalin da ke sauraron wannan shari'a yana da alaƙa ta kusa da wanda ake zargi. Saboda haka ya janye."

"Wace irin alaƙa?" in ji Baba.

"Shi ne, Baba."

Ya zagayo ya bar kujerar mai hannu, ya tsaya inda Yaya ta tsaya ɗazu, ya ba da bayani ba wanda ya tambaye shi. Yunwa ce ta dame shi ranar. Ƙarfe goma sha ɗaya ya leƙa kicin ya ga Inna ta kusa gamawa, ya lissafa saura awa uku, ya ga ba zai kai ba. Sai ya ɗauko kujera ya hau, ya buɗe gilashi, zai tura hannun agogo zuwa biyu saura kwata. Yana turawa agogo ya biyo shi. Da Baba ya ba shi shari'ar, ya ga in ya ɗora wa Yaya za a doke ta a banza, in ya faɗi gaskiya shi zai sha shida. Sai ya gano akwai hanya ta uku. Ya ce tun daga ranar ya tsani ɗage zama, shi ya sa ba ya yi wa kowa.

"To janyewa babu," in ji Baba. Ya kashe rediyo. "Ni ban da wani alƙalin. Kai na ba, kai za ka yanke. Koma kujerarka."

Haka mutumin da za a rantsar a kotun ƙoli ya koma kujerar cin abinci, ya kira kansa da cikakken sunansa, ya sami kansa da laifin fasa agogo, da laifin saye shaida da nama bakwai, da laifin riƙe shari'a shekara arba'in da bakwai. Ya ce kotu ta wanke wadda ake tuhuma, ta sallame ta, babu ko ɗigon laifi a kanta. Ni kuma ya ce kotu ta yi mini gargaɗi kan karɓar nama. Na ce a rubuta ban amince da wannan ɓangaren ba, aka tuna mini ni ce mai rubutawa.

"Auta, miƙo mini bulala," in ji Baba.

Babu bulala a gidan tun ina firamare. Na naɗe masa jaridar jiya. Alƙali ya fara cewa akwai dokar da ta kare alƙalai daga hukunci kan abin da suka yi a bakin aiki, Baba ya ce fasa agogo ba bakin aiki ba ne, miƙo hannu. Ya durƙusa da baƙar rigarsa ya miƙa tafi. Baba yana bugawa yana ƙirgawa, a na huɗu ya gaji ya huta, ya sha ruwa, ya manta inda ya tsaya ya koma uku. Ni dariya ta kayar da ni kan hannun kujera, ina riƙe ciki. Baba ma yana yi, har shi mai laifin ya fara.

Na juya don in taya Yaya murna, sai na ga ita ba ta dariya. Tana zaune a bakin doguwar kujera, lilon agogo a cinyarta, tana shafa shi da yatsa.

"Yaya, an wanke ki fa," na ce. "Ba ki ji ba?"

"Na ji." Ta juya lilon a hannunta. "Ni abin da ya dame ni, ina tuna shi. Ina tuna na ɗaga tsintsiya zan kakkaɓe yanar gizo, ta taɓa shi. Ina tuna yadda ya karkace kafin ya faɗo. Tun ina da wajen shekara ashirin nake ganin abin a idona. Bayanin da na ba ku ɗazu haddace shi na yi, ina faɗa ina jin kamar ƙarya nake. Na zo yau ne na ce ko laifin ne a ba ni, in sha bulalata in huta." Ta ɗago ta kalli ƙanenta. "Ashe ban ko taɓa shi ba?"

"Ba ki taɓa shi ba, Yaya. Kina tsakar gida lokacin."

Ta gyaɗa kai a hankali, hawaye na zuba kan ɗankwalin. Kunya ta rufe ni, don na tuna sau nawa na kira ta da sunan nan ina dariya. Baba ya saki jaridar ta faɗi ƙasa, ya buɗe baki zai kira ta, sai ya tsaya, don sunan da ya zo bakinsa Fasa-Agogo ne, wanda bai dace a kira ta da shi yanzu ba. Ya yi ta motsa leɓe har ya lalubo sunanta na yanka, wanda shi da kansa ya raɗa mata, ya kira ta da shi. Ba ta waiga da wuri ba, sai da ya sake kira.